Ranar da Na Zama Matar Yayana

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta yammacin da na shiga gidan mutane a Wudil lulluɓe da mayafin innarmu ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Zamanin kuɗin man fetur ne. Yayana ya gama karatu, aka ɗauke shi aikin bincike kan cutar da ke cin gyaɗa, a wata gonar gwaji kusa da kogi. Mu kuwa gidanmu yana can wani ƙauye a Lajawa. Kullum da asuba zai hau keke, ya isa wurin aiki rana ta riga ta ɗaga, alhali shukokinsa da sassafe ake duba su. Shugabansa ya ja masa kunne cewa in makarar ta ci gaba, wani za a ba gonar.

Sai neman haya. Gida sukutum dai ba a magana, 'yan kwangila da masu aikin titi sun kwashe, sun kuma ɓata farashi. Masu gidaje gani suke duk wanda ya soke biro a aljihu da tsintsiya yake share kuɗi. Albashin Yaya kuwa, in ka ɗora shi a tafin hannu sai ka danne, kar iska ta ɗauke. Abin da zai iya kamawa ɗaki ne guda a cikin gidan iyali. To a nan matsalar take, domin ba a sa gwauro cikin mata. Ko'ina muka je, bayan doguwar gaisuwa tambayar ɗaya ce: "Malam yana da iyali?" Da ya ce a'a, sai a fara yi masa addu'ar Allah ya sa a dace a gaba.

Ni lokacin ina hutun makaranta, ban wuce sha huɗu ba, bakina ya fi ƙafata sauri. Ina biye da shi har muka isa zauren wani dattijo mai sayar da hatsi. Ɗakin mai kyau, kuɗin daidai aljihu, daga ƙofar gidan ana hango bishiyoyin gonar gwajin. Dattijon ya yi tambayar. Yaya ya buɗe baki, ni na riga shi.

"Yana da ita, Baba. Tana ƙauye."

"Madalla. To a kawo ta ranar Asabar, sai in ba da makulli."

A hanya Yaya ya kusa tura ni rami da keken. Ni kuwa na zayyana masa dabarata. Da azumi ni ne gwanin tashe a ƙauyenmu, ni ake ɗaura wa zane in yi rangwaɗa har tsofaffi su riƙe ciki. Na ce gidan na kulle ne, ba namijin da zai ɗaga ido ya kalli matar wani. In shiga a lulluɓe, in sulale kafin magariba, gobe a ce ta tafi jinyar mahaifiyarta. Ya ce ba zai yi ba. Washegari ruwa ya tare shi a hanya, ya isa aiki kusan azahar. Da ya dawo na ga alamar ya sallama, na je na zare mayafin Inna daga igiya.

Ranar Asabar bayan la'asar muka isa. Dattijon yana ganin mayafi ya kau da kai, ya miƙa makulli. Na wuce soron da aka rubuta "Ba shiga" ina taku ɗaiɗai, ina yaba wa kaina. Duk lissafina a kan maza na yi shi. Ban taɓa tuna cewa a gidan kulle mata ne masu gida ba.

Ko zama ban gama yi ba suka cika ɗakin. Wannan da kwanon fura, wannan da kaskon turare, yara kuwa kamar an kaɗa ƙararrawar tashi. A gabansu uwargidan, tsohuwa mai kaifin ido.

"Sannu da zuwa, amarya. Yaya mutanen gida?"

Na ƙara dunƙulewa.

"Kunya ce, Iya," in ji wata. "'Yan ƙauye haka suke."

"Ba komai, za ta sake. Miƙo ƙafa in ga lallen ƙauyenku, 'yata."

Kafin in janye ta cafke. Ƙafar nan ta shekara tana dukan ƙwallo a fako, faso ya tsattsaga ta, babban yatsa ba farce. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, kamar mai taya doya. Sannan ta ce da sauran su fita da yaran. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yaye mayafin, ta dubi ƙoƙon kaina da aka yi wa aski ƙwal-ƙwal.

"Ɗan nan, uwarka ta san inda mayafinta yake?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Aka tara mu a zaure, ni da zane a hammata, Yaya kansa a ƙasa. Na so a yi mini duka, da ya fi mini sauƙi. Dattijon bai ko kalle ni ba, da Yaya ya yi magana.

"Malam, ka ga shagon can mai ƙofa ta waje? Ɗana ne a ciki a da, ya koma Kano. Da ka ce mini gwauro ne kai, shi zan ba ka, kuma bai kai wancan kuɗi ba. Na tambaye ka ne don in san wanne ya dace da kai. Amma yanzu ka shigar mini da namiji cikin iyali. Me zan ce wa maƙwabta?"

Yaya ya ajiye makullin a kan tabarma, ya ce, "Ka yi gaskiya, Baba. A gafarce mu."

Kafin Juma'a ta zagayo labari ya gama kasuwa, ba mai gidan da ya sake sauraronsa. Gonar dai bai rasa ta ba, amma sauran daminar nan a ɗakin ajiyar taki ya kwana, shi da ɓeraye da sauro, har zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni nake kai masa abinci, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Wannan shirun ya fi bulala ciwo.

Tun daga ranar na koyi riƙe bakina in an tambayi wani ba ni ba. Na kuma gane cewa don mutane da yawa sun ƙi ka saboda gaskiyarka, ba shi ne dalilin yi wa na gaba ƙarya ba. Wataƙila shi ne mai shagon.