Ƙananan Lasifikun Rufa'i Mai Rediyo

Tafi biyu Rufa'i yakan yi, sannan ya karkata kai ya saurara. Kullum da safe haka yake, kafin ya kurɓi koko, kafin ya nufi rumfarsa ta gyaran rediyo a bakin kasuwar Dogon Dutsi. Sai ya shiga tsohon ɗakin mahaifiyarsa, ya tsaya tsakiya, ya tafa, ya ji ko bango zai mayar masa da tafin. In sautin ya mutu a inda ya faɗi, sai ya yaye zanen da ya lulluɓe lasifikunsa guda biyu. In kuwa ya ji wata ƴar amsa ta biyo baya, to wata tabarma ce ta zame daga bango, kuma ranar koko zai huce.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana buɗe cikin rediyo. Ya gyara ta malaman lakwal, wato makarantar boko, ya gyara ta direbobin tasha, ya gyara ta makiyayan da ke rataya tasu a kafaɗa su bi shanu. Bai yi nisa a karatu ba, amma kunnensa ya yi. Daga ƙetaren hanya yakan gaya wa mutum abin da ke damun rediyonsa tun bai ƙaraso ba.

Ɗakin nan kuwa saboda mutum ɗaya ya gyara shi: kawunsa Shu'aibu, mai goge na Matankari, wan mahaifiyarsa. Tsoho ne da ya haura tamanin, kuma yatsunsa sun fara ƙin bin umarni. An taɓa ɗaukar kiɗansa sau ɗaya, shekaru da yawa da suka wuce. Wata rana yana wucewa ta tasha sai ya ji abin yana fitowa daga wata ƙatuwar lasifika, an cika shi da rugugi mai girgiza ƙirji, gogen yana can ƙasa kamar ɗan akuya a rijiya. Ya tsaya ya saurara, ya ce, "Wanga ba ni ba na." Tun daga ranar bai sake yarda an kawo makirufo kusa da shi ba.

Rufa'i ya yi damina uku yana lallashi kafin tsohon ya sassauta, shi ma da sharaɗi.

"Zama guda, Rufa'i. In kaɗa, ka ɗauka, in saurara. In na ji ni na, ka aje. In ba ni ba na, ka share gaban idona, kuma kada ka ƙara yi mini zancen har in mutu."

"Na yarda, Kawu."

"Ka yarda da baki. Uwarka ma haka take cewa, sannan ta yi abin da taka so."

Rufa'i ya san kwamfuta da makirufo ba su ne matsala ba. Matsalar ita ce abin da zai saurara da shi lokacin gyaran sauti. Lasifikun da garinmu ke so su ne na biki, masu girgiza ƙirji, waɗanda ke shafa wa kowace murya mai. Wanda ya gyara sauti da irinsu kamar mai aski ne da ke duba madubin da ya karkace. Akwai wasu ƙanana da masu wannan aiki ke kira monita, aikinsu kawai su faɗi abin da aka ba su, ba daɗi ba ragi. Su ya hau mota ya tafi Yamai nema.

Mai kantin da ya shiga Bafulatani ne, sunansa Usman, kuma da ya ji Hausar baƙonsa ya gane Ba'are ne, mutumin ƙasar Dogon Dutsi, abokin wasa ya samu.

"Ba'are da monita? Kai da ka saba da ganga! Ga babba nan, ka ɗauka ka tashi unguwa."

"Bari dai, mai nono. Kai da kunnenka bai san komi ba sai kukan maraƙi. Jona mini wayata."

Ba waƙa Rufa'i ya zo da ita ba. Dakan matarsa Hindatu ya ɗauko a waya, minti biyu na taɓarya cikin turmi. Shekara ashirin da shida yana jin wannan sauti ta bayan katanga, ya san shi kamar yadda ya san tarin kansa. Babbar lasifika ta mayar da turmin tambari. Ta biyu ta mayar da shi gwangwani. A wasu ƙanana baƙaƙe guda biyu, waɗanda tsawonsu bai kai kamu ɗaya ba, sai ga turmin gidansa, har da ƴar tsagar da ke bakinsa tana cewa ƙyas duk lokacin da taɓarya ta sauka gefe. Ya ce a ɗaure masa su. Bisa cinyarsa ya riƙo su har Dogon Dutsi, bai yarda an ɗora su saman mota ba.

Ya rufe bangon ɗakin da tabarmi da barguna, ya shimfiɗa zana a ƙarƙashin rufin kwano. Ya janyo lasifikun kamu guda daga bango, ya ɗora kowace bisa bulo da ɗan yankin roba a ƙarƙashi, har suka zo daidai kunnen mai zaune. Da igiyar guga ya auna: daga wannan zuwa waccan, daga kowace zuwa kujera, duk tsawo ɗaya, kamar duwatsun murhu, kan mai sauraro shi ne na ukun.

Duk da haka da ya kunna, sai wani gurnani ya riƙa tasowa duk lokacin da sauti ya yi ƙasa. Kwana huɗu yana canja waya, yana matsar da bulo, yana tsine wa Usman. A na biyar Hindatu ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta ɗan saurara.

"Malam, ba akwatunanka ba na. Randar Inna ta."

A kusurwa randar take, inda marigayiyar ta girke ta tun tana amarya, kuma ba wanda ya taɓa tunanin motsa ta. Shekara shida ba ruwa a cikinta. Rufa'i ya sa kunne a bakinta, ya ji tana amsa wa lasifikun da muryar bijimi.

"Ba ni fid da ita," in ji shi.

"Wa ya ce ka fid da ta? Yunwa taka ji. Kai ma in cikinka ba komi ai gurnani kaka yi."

Ta cika ta da gero har wuya, ta kife faifai, ta ɗora tsohon zane. Randa ta yi shiru.

Ranar Talata da hantsi aka kawo Kawu Shu'aibu bisa kabu-kabu, gogensa cikin jakar fata. Aka kashe fanka, zafi ya rufe su. Ya shafa wa izga ƙaro, ya rufe ido, ya ja. Wanda bai taɓa jin gogen Arewa a ƙaramin ɗaki ba, bai san yadda gashin doki ke iya kuka kamar mace, ya juya ya yi dariya kamar tsohon da ya ci caca ba. Taki uku, wato salon kiɗa uku, ya kaɗa, sannan ya mayar da gogen jaka, ya fita zaure ya kishingiɗa, ya bar ɗan ƙanwarsa da aikinsa.

A taki na biyu Rufa'i ya ji abin. Wajen tsakiya, inda kiɗan ke hawa, yatsan tsohon ya makara, tsarkiya ta yi wani ɗan kaushi, kamar ƙofa ta ja ƙasa. Lokacin ɗauka bai lura ba. Lasifikun ne suka ajiye masa shi a gabansa tsirara. Ya san yadda ake yanke wuri irin wannan a liƙa wani, ba mai ganewa. Ya daɗe hannunsa na bisa tebur. Mutum ne da ya yi suna daga Matankari har Tibiri, yanzu za a zaunar da shi a nuna masa inda tsufa ya cije shi? Ya rage ƙarar numfashi kaɗan, ya daidaita ƙarfin sauti, ya bar kaushin inda yake.

Bayan azahar ya zaunar da kawunsa a kujerar, ya gyara masa kai ya fuskanci tsakiya, ya kunna. Tsohon bai motsa ba har taki na farko ya ƙare. Na biyu ya hau, ya kai wurin, ya wuce.

"Tsaya. Maido."

Rufa'i ya mayar. Kaushin ya sake fitowa, bai ɓoye ba.

"Maido kuma."

Sau uku. Sannan Kawu Shu'aibu ya ɗaga hannun hagu, ya dubi ɗan yatsansa na kusa da ƙarami, ya lanƙwasa shi a hankali.

"Wanga munahukin na. Shekara ukku shina yi mini haka. In na tambaya, kowa shi ce bai ji komi ba, sai 'Allah shi ƙara ma lahiya, Baba.' Har na fara zaton kunnena na ya lalace." Ya nuna lasifikun da haɓa. "Su dai ba su jin kunyata."

"In share, Kawu?"

"Share mi? Kai dai ɗan uwarka na, ba ka jin magana sai an maimaita. Ni na wanga. Aje shi." Ya murza yatsan. "Akwai wasu taki bakwai na ubana, ban taɓa kaɗa ma kowa su ba tun da ya rasu. In wanga munahuki ya bari, mu yi biyu yau. Jakata tana zaure."

Rufa'i ya miƙe. Ya gyara hularsa da ba ta karkace ba, ya ɗage labule, ya fita ɗauko gogen.