Kwanon Yaya Riskuwa

Duk wanda ya san unguwarmu a Argungu ya san yayana Riskuwa. Masunci ne ɗan masunci, kuma ba a taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba. In aka fito masa da tuwon shinkafa ƙofar gida, ko mai tallan albasa ne ya gifta sai ya ce, "Bismillah, taho mu sa hannu." Har tsiya muke masa, muna cewa shi da kwano ɗaya zai ciyar da kasuwa.

Shekarar da ambaliya ta cinye masa shinkafa ta kuma tafi da jirginsa, sai ya canza. Ya daina barci, ya daina fira, daga baya ya ce ana zuba masa guba a abinci. Ya rufe baki ruf. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, mutum yana ta bushewa kamar kifin banda. Ni Laure, ƙanwarsa da ke aure a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ni na tayar da ƙayar baya sai da aka kawo shi asibiti Birnin Kebbi, ɓangaren masu taɓin hankali. Likita ta duba shi ta ce ciwon yana da magani, amma in bai ci abinci ba yunwa za ta riga ciwon kashe shi.

A nan muka haɗu da Malam Abdussamadu, ma'aikacin jinya, wani dogo mai sanyin magana. Bai yi masa tsawa ba, bai sa an danne shi ba. Kullum zai zo ya tsuguna ya gaishe shi gaisuwar manya, ya tambaye shi labarin ruwa, ya tambaye shi yadda ake kama giwan ruwa da ragar koma. Yaya yana kallon bango. Ran nan na kai tuwo da miyar kuka, sai malamin ya wanke hannu ya zauna a tabarma.

"Baba Riskuwa, yau ban karya ba," in ji shi. "Ka yi mini izini?"

Ya gutsura daga gefen da ke gaban Yaya, ya kai baki, ya haɗiye. Yaya ya zuba masa ido yana jiran ya faɗi. Da bai faɗi ba, sai na ga hannun Yaya ya shiga kwano. Wallahi waje na fita na yi kuka.

Daga ranar tare suke ci. Da abinci da magani suka shiga, barci ya dawo, har Yaya ya koma kiran sauran marasa lafiya su sa hannu. Ranar sallama Malam Abdussamadu ya ja ƙanenmu Maliki gefe, ina tsaye. Ya ce ciwon nan ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta kwano, kuma abu biyu za su riƙe shi: maganinsa, da a ci tare da shi. Maliki yana ta "to, to, in sha Allahu", kai ka ce da gaske.

Na raka su Argungu. Da azahar aka fito da abincin maza ƙofar gida, ina leƙe daga zaure. Tiren su Maliki da maƙwabta daban. Can gefe kuma, kusa da turken akuya, an ajiye wani tsohon kwanon samira da aka ɗiga wa jan fenti a gindi, wai don kada ya gauraya da na mutane wurin wanki. Tir! Mutanen da ya goya, waɗanda suka yi wayo da hannunsu cikin kwanonsa, yau su ne masu ƙyamar yawunsa. Bare ya ci da shi yana zare, 'yan uwa sun kasa ci da shi yana lafiya. Na tsani wannan rana har yau.

Yaya ya wanke hannu, ya buɗe kwanon, ya dube su yana murmushi.

"Bismillah, ku taho."

"Alhamdu lillahi, Yaya, mun ƙoshi," in ji Maliki, da loma a bakinsa.

Ya jira. Ya sake jira. Ba wanda ya ko ɗago kai. Sai ya mayar da murfin a hankali, ya goge hannunsa da bai taɓa komai ba a jikin riga, ya shigo zaure. Na karɓi kwanon na ce mu ci tare, na gutsura na kai baki yadda na ga malamin yana yi. Bai ci ba. Ya san gobe zan koma gidan mijina.

Ya rage murya ya ce, "Laure, wanga asibiti, sai mutum ya sake zarewa suke karɓarsa?"