Ɗigo Sittin na Yayata

Shekara ashirin da shida yayata ta yi tana buga takardu a ofis ɗaya. Da tafireta ta fara, ta koma kwamfuta, har yatsunta suka kantare. Anti Fom ake ce mata, don ita ke tsara fom-fom ɗin wurin. Layin ɗigo-ɗigon nan da ake rubuta suna a kai, ɗaya bayan ɗaya take danna shi, bakinta na motsi kamar mai jan carbi. Tun ranar da tsohon shugabanta ya yaga mata fom ɗari don wani layi ya fi ɗan'uwansa tsawo, ba ta ƙara yarda da ƙirgen kowa ba sai nata. Da aikin nan take riƙe da 'ya'ya huɗu da miji mai shanyewar ɓarin jiki.

Sai ga sabon manaja. Ya ce daga yanzu manhaja ce za ta riƙa fitar da fom. An ba su mako uku su koyi rubuta wa kwamfuta umarni, wanda ya faɗi jarrabawa ya kama gabansa. Mace mai shekara hamsin da ɗaya, ku ji zalunci!

Ta koya kuwa. A kwamfutar ɗakina take bita, tana zufa. Ta nuna mini yadda ake sa ɗigo ɗaya tsakanin alamomin zance, a ninka shi, haka: "." * 60. Nan take layi ya fito.

Na ce, "To Yaya, ai kin huta."

Ta ce, "Wa ya ƙirga? Ke kin ga lokacin da ta ƙirga?"

Ranar jarrabawa tambaya biyar aka ba su, minti talatin. Ta farko ita ce layin ɗigo sittin. Ta rubuta daidai, layi ya fito. Maimakon ta wuce, sai ta ɗora farce a kan gilashi tana ƙirgawa. Ɗigon ƙanana, idon ya tsufa. Ta samu hamsin da tara. Ta sake, sittin da ɗaya. Ta goge tabarau ta sake.

Mai kula da jarrabawar ya leƙo. "Mama, kwamfuta ba ta kuskuren ƙirge. Ki wuce."

"Ɗan nan, ni za a yaga wa takarda, ba kai ba."

A ƙirge na shida ta samu sittin cif, aka ce lokaci ya cika, a ɗaga hannu.

Na je wurin manajan da kaina. Na ce ya duba fom ɗinta na shekara ashirin da shida, in ya samu kuskure ɗaya a kore ta. Ya ce, "Hajiya, tsari ne." Ko kujera bai nuna mini ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, har ƙarshen wata manhajar tasu ba ta fara aiki ba. Takardar sunayen waɗanda aka sallama, ita aka miƙa wa ta buga. Sunanta ne na uku. Ta buga, ta kai masa ya sa hannu.

Da la'asar ta shigo gidana, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce, "Maganin babansu zai ƙare ranar Laraba. Ba ki san wani mai neman mai buga takarda ba?"

Ban san kowa ba.