Kwamfutar Keken Maman Biyu

Duk wanda ke bin layin bayan kasuwa ya san shagon Maman Biyu, ko bai taɓa leƙawa ba ya san ƙarar kekenta. Keken surfani ne irin wanda kwamfuta ke juyawa, mai allurai a jere, kowace da launin zarenta. Da shi take yi wa makarantu bajo, ta rubuta sunan kamfani a aljihun rigar ma'aikata, ta zana fure a bakin mayafi ko a tsakiyar zanen gado. Tsohon keke ne, na hannu ta saye shi, shi ya sa ba ya riƙe zane a kansa. Waya ce ta haɗa shi da kwamfutar da ke kan teburi, ita ke ba shi ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Idan ta yi shiru, shi ma ya tsaya.

'Yar tela ce. Tun tana ƙarama aikinta a shagon mahaifinta shi ne farke ɗinkin da ya karkace, ga reza a hannu, ga tarin riguna a cinya. Daga nan ta taso da ƙin maimaita aiki. Ba ta da yawan magana, amma tana da tsaki. Mijinta, wanda ke tuƙa motar ma'aikata a wani kamfanin lemo, yakan ce tun daga bakin ƙofa yake gane yadda ta wuni, da jin tsawon tsakin kawai.

Shagon kuwa ɗakin gaban gidan yayan mijinta ne, wanda kowa a dangi ke kira Yaya Babba. Shi ya riƙe mijin nata bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, shi kuma ya buɗe mata ɗakin ya ce ta zuba kayanta. Ya yi ritaya daga aikin ofis, kuma tun lokacin da aka kawo kwamfutar farko ofishinsu aka ɗora ta a kan teburinsa, ya ɗauki kansa a matsayin likitan kwamfutocin dangi. Mutumin kirki ne ƙwarai. Musu ne dai ba a yi da shi.

Wata rana wani mai sayar da rigunan ƙwallo ya kawo mata zane a filash, ta soka a kwamfuta. Kafin la'asar duk zanukanta sun ƙi buɗuwa. Yaya Babba ya shigo da tabarau a kan hanci, ya zauna a kujerarta, ya ce cuta ce ta shiga, bairos. Ya sauko da antibairos daga intanet, ya wanke kwamfutar tas, zanuka suka dawo. Ya kuma kulle antibairos ɗin da lambar sirri, don kada wani ya zo ya taɓa masa aiki. Ranar ta yi masa godiya har da rusunawa, kuma har zuciyarta ta yi.

Aka daɗe lafiya lau. Sai da shugabar wata makaranta ta kawo mata buhunan rigunan ɗalibai, tana son bajo a ƙirjin kowace kafin a dawo daga hutu, sannan abin ya fara.

Keke na cikin zuba zare, ya gama da'irar bajo ya shiga rubutun sunan makaranta, sai fuskar kwamfuta ta rikiɗe ta zama shuɗiya, da wasu rubuce-rubuce farare. Kafin ta karanta layin farko kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Keke ya tsaya da allura a soke cikin yadi. Ta sake aika zanen, ta lallaɓa ta kai allura inda ta tsaya, amma da ya ci gaba sai haruffa suka hau kan juna. Ta ciro rigar daga zoben da ke ɗaure ta, ta ɗauki reza.

Riga uku ta farke a ranar. Ta huɗun rezar ta huda yadin.

Da farko ta ɗora wa wuta laifi, domin wutar layin ba ta da tabbas. Mijinta ya kawo mata na'urar daidaita wuta, aka jona. Kwamfuta ta yi rabin yini cikin hankalinta, har Maman Biyu ta fara murmushi, sai ga shuɗin nan. Maƙwabcinta mai walda ya ce zafi ne, shagon ba taga. Ta ɗauke fankar da ke kanta ta juya wa kwamfuta, ita tana zuba gumi, kwamfuta tana shan iska. Ta kwance murfin akwatin kwamfutar ta busa, burbushin zare da ƙura suka tashi suka cika mata ido da hanci. Ta sauya wayar da ke zuwa keke. Ta goge hotunan tagwayenta, ko nauyi ne ya yi yawa. Duk a banza. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kwamfutar ba ta mutuwa a lokacin da ake zaman banza. Za ta wuni a kunne tana kallon mutum, sai an ɗaura riga, allura ta yi nisa, sannan ta kife.

Da ta gaji sai ta kira mai gyaran da ke da rumfa a bakin titi, wanda ake kira Injiniya. Ya zo da jakarsa, ya saurare ta da rabin kunne, wayarsa na ta ƙara.

"Anti, wannan bairos ne. Wanda ke kai ɗin nan ba ya kama komai. Bari in sa miki nawa, mai ƙarfi."

"Wancan fa?"

"Bar shi. Biyu ai sun fi ɗaya."

Biyu ba su fi ɗaya ba. Da can sai ta yi bajo biyar shida kafin ta faɗi, yanzu ko tashi ba ta gama yi take komawa. Linzamin kwamfutar ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Shugabar makaranta ta fara kira, da farko da gaisuwa, daga baya ba gaisuwa. Maman Biyu ta koma gida da yamma ta tarar tagwaye sun zubar da ruwa a tsakar ɗaki, ta yi musu faɗan da ya fi laifinsu, ta shiga ɗaki ta zauna tana jin haushin kanta.

Washegari ba ta ɗaura riga ba. Ta ɗaura wani tsumma a zobe, ta aika zane, ta ja kujera ta kafa wa fuskar kwamfutar ido maimakon allura. Sai ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba, domin kullum idonta na kan yadi. Ana dab da faɗuwa, wani ɗan akwati yakan leƙo daga kusurwar ƙasa, da hoton garkuwa a jikinsa, ya ɓace. Ta sake gwadawa, ya sake leƙowa. Ta ɗauke shi hoto da wayarta ta taka har rumfar Injiniya.

Wannan karon ya ajiye waya ya duba. Ya biyo ta shago, ya tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta ɗauko komai sai abin da ya zama dole, ya shiga inda take rubuta dalilin kowace faɗuwa, ya daɗe yana karantawa yana sosa ƙeya.

"Anti, nawa da na sa ya ƙara dagula lamarin. Su biyun kowanne yana ganin ɗan'uwansa ɓarawo ne. Na cire shi yanzu."

Ta harare shi. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

"Amma na farkon nake zargi. Yakan sabunta kansa in ya samu intanet. Ina jin tun da ya yi sabuntawar baya-bayan nan ya daina gane manhajar kekenki, tsohuwa ce. Da ta fara magana da keke sai ya shaƙe ta, komai ya rushe."

"Kana ji, ko ka tabbata?"

"Ba zan rantse ba. Sai an kashe shi an gwada. Ko a nuna masa manhajar a ce ya ƙyale ta. Duka biyun kuma sai da lambar sirri."

Da daddare ta gaya wa mijinta. Ya ajiye cokali ya ce, "Yanzu ni zan je in ce wa Yaya aikinsa ne ya ɓata miki kwamfuta? Ki dai lallaɓa."

"Me zan lallaɓa? Rigar mutane?"

"To ki je da kanki. Ke yana jin nauyinki."

Ta sami Yaya Babba da hantsi a zaune ƙarƙashin rumfar ƙofar gida yana sauraron rediyo. Ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa, ta kewaya ta kewaya, sannan ta ce mai gyara yana roƙon a ɗan buɗe masa antibairos ɗin ya duba wani abu.

"Wane mai gyara? Yaron nan na bakin titi?" Ya rage muryar rediyo. "Maman Biyu, abin da ya cece ki ranar da zanukanki suka tafi, shi ne yau ya zama mai laifi?"

"Ba a ce shi ba ne, Yaya. Gwadawa za a yi."

"Su haka suke. Su cire mai kyau, cuta ta shiga, ki dawo wurinsu. Zan zo in duba da kaina."

Ya zo kuwa. Ya zauna a kujerarta tun hantsi har azahar, ya sa antibairos ya bincike kwamfutar daga sama har ƙasa, ita tana tsaye jikin buhunan riguna tana haɗiye tsaki. Da aka gama ya nuna mata koren rubutu, ya ce ga shi nan, ba komai, ta ɗaura riga. Ta ɗaura. A gabansa allura ta kai tsakiyar sunan makaranta, a gabansa fuskar ta yi shuɗi.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce to, tunda haka ne, a kashe shi na ɗan lokaci don hankalinta ya kwanta, amma shi zai kashe da hannunsa. Ya buga lambar sirri, ta ƙi. Ya ce maɓallan ne suka cika ƙura. Ya sake bugawa a hankali da yatsa ɗaya, ta ƙi. Ya gwada sunan babbar 'yarsa, ya gwada na autansa, ya gwada shekarar da ya fara aiki, ya gwada lambar tsohuwar motarsa. Matarsa ta leƙo kiransa cin abinci, ta tsaya ta kalle shi, ta matso kusa da Maman Biyu ta ce ƙasa-ƙasa, "Ta wayarsa ma ni nake riƙe masa."

Daga ƙarshe ya miƙe ya ce abin ya sauya lambar da kansa, haka suke yi idan aka sa musu kishiya a kai ba da shawara ba. Ya fita. Ta jira sai da ta ji ya rufe ƙofar gida, sannan ta ja tsakin da mai walda ya ce ya ji shi ta cikin ƙarar injinsa.

Injiniya ya gwada dabarunsa na cire shi ba tare da lambar ba, bai fita ba. Dole ya kwashe zanukanta a gefe, ya share kwamfutar gaba ɗaya ya sake zuba mata komai. Zanuka sun tsira, amma salon haruffan da ta daɗe tana tarawa da saitin ƙarfin zaren da ta daidaita da hannunta duk sun tafi. Kafin ta maido da su hutu ya ƙare. Ta ɗauki rabin rigunan a kan babur ta kai wa wani mai irin kekenta a ɗaya gefen gari, mutumin da ta sha kushe aikinsa, ta tsaya yana yi mata bayanin yadda ake kula da kwamfuta. Shugabar makaranta ta karɓi riguna a makare, ta jera bajo biyu a kan teburinta, ta ce launin shuɗin bai zo ɗaya ba. Gaskiya ta faɗa. Ba ta sake kawo aiki ba.

Yanzu kwamfutar ba ta hawa intanet. Antibairos ɗin da ta zo da shi daga kamfani kaɗai ke kanta, an kuma nuna masa manhajar keke an ce ya ƙyale ta. Duk wanda ya kawo zane a filash sai ya fara kai wa Injiniya ya duba, in ya ga wahala ya tafi wani shagon. Aiki ya dawo daidai, har ta fara gaya wa mutane da bakinta cewa antibairos ne ya so ya kashe mata sana'a.

Sai ranar nan, tana tsakiyar zanen gadon wata amarya, fuskar ta sake yin shuɗi. Sau ɗaya tak, ba ta ƙara ba. Ta kira Injiniya, ya ce wataƙila wannan daban ne, kwamfutar ma ai ta tsufa. Ta tambaye shi ko ke nan wancan karon ma ba antibairos ba ne. Ya ce zai iya yiwuwa shi ne, zai iya yiwuwa su biyu ne suka haɗu.

Yaya Babba ya ji labari a wurin matarsa. Bai ce ai ya faɗa ba. Ya dai leƙo shagon da yamma, ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya, ya ce ya ji an fito da wani sabo wanda ya fi na da, ko za ta so ya sa mata ranar da ba ta da aiki.

"Allah ya ƙara girma, Yaya," in ji ta. "Aiki ya yi yawa kwanan nan."

Ya gyaɗa kai ya ce ba gaggawa, yana nan.