Tsamiyar da Ta Jingina da Ɗakin Inna

Mazan layinmu sun ba ni kunya, kuma na faɗa musu a gaban idonsu. Iskar ruwan da aka yi makon jiya ta tumɓuke tsamiyar ƙofar gidanmu ta gefe ɗaya, saiwoyi suka fito waje, ita kuma ta karkata ta jingina da bangon ɗakin Inna, mahaifiyata. Inna ƙafafu sun daina ɗaukar ta, ga shi ta rantse ba za ta bar ɗakin da mijinta ya rasu a ciki ba. Kullum tsagar bangon ƙara buɗewa take. Mai unguwa ya ce a jira hukuma. Ƙanina Habu ya ce, "Yaya Ladidi, tsamiya ce fa. Akwai masu gida a cikinta." Na ce, "To Inna fa, ita 'yar haya ce?" Ya sosa ƙeya ya hau babur ɗinsa.

Da wannan takaicin na kwanta jiya da dare, na kuwa yi wani mafarki da nake so masu sani su duba min.

Na gan ni a gindin tsamiyar, na ci ɗamara. Sai na ga ashe akwai ƙofa a jikin itacen, ta langa-langa, har da sakata. Na yi sallama, ba a amsa ba. Na tura.

Ciki gida ne sosai, amma komai a karkace yake. Tukwane suna gangarowa, ruwan randa ya taru a gefe ɗaya. Wasu mutane dogaye, ba na ganin fuskokinsu, suna ta ɗaure kaya. Wata tsohuwa ta tokare bango da gadon bayanta, gumi na zuba. Na ce, "Baba, ku ne masu gidan?" Ko kallona ba ta yi ba. Sai wata murya daga sama ta ce, "Kin daɗe."

Sai kawai ga ni a ajinmu na yaƙi da jahilci, inda na koyi karatu bayan na aurar da 'yata ta fari. Amma mazan layinmu ne a kan bencuna, mai unguwa a sahun gaba, gwiwoyinsa suna taɓa haɓarsa. Malama ta ce, "Wa zai fito allo?" Allon kuwa gungumen tsamiyar ne. Kowa ya sunkuyar da kai. Na miƙe. Allin da ta miƙo min yana taɓa hannuna ya zama igiya mai kauri.

Sai kawai ina can ƙololuwar itacen, ni da ko tsani ba na hawa. Na ɗaura igiyar, na jefa ƙasa. Matan layin ne suka cafe, Asabe mai ƙosai a gaba, suna ja suna waƙa irin ta daka. Ga gatari a hannuna, ban san wanda ya ba ni ba. Duk reshen da na sare ba ya faɗuwa, sai ya tashi sama a hankali ya shige cikin hadari. Daga can na hango ɗakin Inna babu rufi, tana zaune tana jiƙa tsamiya a ƙwarya. Na ƙwala mata kira, "Inna, matsa!" Ta ci gaba da abinta.

Sai itacen ya miƙe tsaye, ya juya wa gidanmu baya, ya fara takawa a kan saiwoyinsa. Dogayen mutanen suka biyo shi da kaya a ka, suka nufi rafi. Matan suka rangaɗa guɗa. Wallahi ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na lokacin ba. Tsohuwar nan ta zo wucewa, ta sa min wani abu mai ɗumi a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kai, ta tafi.

Kiran assalatu ne ya tashe ni. Hannuna na dama a dunƙule, da ƙyar na buɗe shi. Babu komai.

Ban zauna jiran fassara ba. Gari na wayewa na goya Inna, tana zagina tana dukan kafaɗata, na kai ta ɗakina. Na tafi wajen 'yan katako na taho da Malam Iro mai injin yankan itace. Ya zagaya tsamiyar, ya ce, "Hajiya, zan yanka. Amma tsamiya ba na yi mata saran farko, sai ɗan gida." Ya dubi Habu. Habu ya dubi wayarsa. Na ce wa Malam Iro, "Miƙo gatarinka." Na yi wa itacen sallama, na yi bismillah, na sara har sai da ɓawo ya yi tsalle.

Yanzu haka ƙarar injin ce ta cika layin, manyan rassan sun sauka, bango bai faɗi ba. To jama'a, wannan "kin daɗe" ɗin, faɗa aka yi min ko maraba? Kuma mene ne tsohuwar ta sa min a hannu, da har yanzu tafin bai huce ba?