Dubu Goma da Bakwai

A Haɗeja na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, Iya Fanna, domin mahaifina ya rasu ina goye. Bandar kifi take yi. Da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta a ƙarƙashin kifi, mu jikoki mu zagaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye amma babu mai matsawa.

"To ga ta nan, mai kunne ya matso," haka take farawa. Akwai wadda ta fi yawan maimaita mana.

Wai wani masunci ne aljanar ruwa ta ba shi tafki mai kifi dubu goma da bakwai. Ko nawa ya kama, gari na wayewa sun koma yadda suke. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: a ci tare, kada a raba. Da ya mutu, 'ya'yansa biyu suka kwashe kifin kaf suka zube a gaɓa. Suka raba biyu, saura ɗaya. Ƙaninsu ya dawo daga tafiya, aka raba uku, saura biyu. Aka kira 'yan'uwansu mata biyu aka zama biyar, nan ma saura biyu.

"Iya, su ba kyanwa sauran mana," na ce mata wata rana.

"Kai yaro ne. Wa zai yarda a bayar da abin da yake ganin nasa ne?"

Suna ta gardama rana ta buɗe, kifin ya ruɓe, tafkin ya ƙafe.

Iya tana da fadamar shinkafa da ta gada a wajen mahaifinta. Baffannina ne ke nomawa, a zuba a rumbu ɗaya, kowa ya ci. Ina aji uku a sakandare ta rasu. Ba a yi sadakar arba'in ba suka shiga fadamar da igiyar awo. Da mahaifiyata ta je ta durƙusa a gaban Baffa Sale, babbansu, sai ya ce, "Mijinki ya riga Iya mutuwa, ɗanki ba shi da gado. Je ki tambayi kowane malami." Ta tambaya, aka ce haka ne. Aka kuma ce suna iya ba mu wani abu don zumunci. Ko kwano ɗaya ba mu gani ba. Da damina muka koma wajen dangin mahaifiyata a Birniwa.

Yanzu lissafi nake koyarwa a Malam Madori. Na taɓa zama na gwada lambar Iya. Mara ce, kuma tana cikin lambobin da babu abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu. Ko ta sani, ko dacewa ta yi, ban samu na tambaye ta ba. Abin da na sani, a tatsuniyarta an yi faɗa a kan saura. Mu da muka zama saura a gidanta, ko gardama ba a yi a kanmu ba.

Bara Baffa Sale ya aiko a ce in zo, wai ciyawar kachalla ta cinye rabonsa kuma ciwon ƙafa ya hana shi fita. Na aika masa da buhun shinkafa. Ban je ba.