Ranar da Rijiya ta Rufta da Yayana

Ina rubuto muku ne yanzu da tsufa ya kama ni, a kan abin da ya same ni ina saurayi, shekaru kaɗan bayan Turawa sun zauna a ƙasar nan. A lokacin ni baƙo ne a ƙasar Gumel, ba gona, ba dangi. Daga wani ƙauyen Damagaram muka fito. Faransawa sun matsa wa garinmu da aikin tilas, a zo a ɗebi maza a tafi da su ɗaukar kaya, wasu ba sa dawowa. Shi ya sa ni da yayana muka tsallako ta Maigatari da rani, ba mu da komai sai sana'ar haƙar rijiya da muka gada.

A kasuwar Maigatari wani attajiri mai shanu ya ɗauke mu aiki, ya kai mu wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Sai da muka isa muka gane abin da ya kai shi har kan iyaka neman mahaƙa. 'Yan garin sun ƙi aikin, domin ƙasar wurin rairayi ce, ba a nitsawa sai ana tokare bangon da itace. Yayana ya gaya masa haka cikin ladabi. Sai attajirin ya ce ba shi da itacen ɓarna, in kuma aikin bai yi mana ba, ya san wanda zai ɗaure mu ya miƙa wa sojojin Faransa. Muka yarda da maganarsa, muka fara haƙa ba tokari. A bayan garken shanu muke kwana, sau ɗaya muke ci a yini, ko gaisawa da mutanen gari ba ma yi don kada a tambaye mu daga ina muke.

Wata rana da hantsi yayana yana ƙasa, ni ina sama ina jan kwandon ƙasa, sai na ji wani rugugi, ƙura ta taso daga ramin. Na yi ta kiran Yaya, Yaya, can na jiyo nishinsa. Na sheƙa wurin attajirin, ina zaton zai tara mutane. Ya riƙe hannuna ya ce in rufe bakina, kada in jawo masa magana, wai yayana baƙo ne, babu mai tambayarsa. A nan tsoron da ya daɗe a raina ya fita. Na fizge hannuna na nufi cikin gari ina ihu.

Wata tsohuwa mai sayar da fura a gindin tsamiya ce ta fara tare ni. Tana jin abin da ya faru ta ajiye ludayi ta kwarma kururuwa. Kafin in yi numfashi maza sun fito. Wasu suka tuge ginshiƙan rumfunansu don a tokare bangon, Fulanin da ke kiwo a kusa suka kawo igiyoyinsu, aka ɗaura mini ɗaya a ƙugu aka zura ni. Na tarar ƙasa ta binne yayana har ƙirji. Da hannu na yi ta tono, ina cika ƙwarya ana ja, har farcena ya fita. Allah ya sa da sauran kwana, muka fito da shi da rai, amma ƙafarsa ta karye.

Kashegari attajirin ya aiko wai mu bar masa wuri. Tsohuwar nan ta sa aka ɗauko yayana zuwa gidanta, sannan ta tasa ni gaba har zauren mai gari. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, gudowa muka yi daga arewa. In za a mayar da mu, a bari ƙafarsa ta warke." Mai gari ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka muna mayar da mutum? Rabin garin nan daga arewa iyayensu suka zo." Ya sa aka kira attajirin gaban liman da dattawa. Aka yanke shi zai ɗauki nauyin maɗori, ya ciyar da mu har yayana ya taka. Daga ranar kuma aka yi shela cewa duk mai ɗaukar baƙo aiki sai ya kawo shi zaure a yi sharaɗi gaban shaidu, kuma ba a sake zura mutum a rijiyar da ba a tokare ba.

Yayana ya warke, sai dai da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. A garin ya yi aure, aka ba shi gona. Ni kuma na ci gaba da haƙa tare da 'yan gari, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, kuma duk inda na ga ɗan ci-rani shi kaɗai sai na kai shi ya gaida mai gari kafin ya taɓa aiki.

Abin da ke damuna har yau shi ne, mutanen da za su cece mu suna nan kusa tun farko, tsoro ne ya hana mu sanin su. Ku masu fita neman abinci, kada ku yarda wanda ya ɗauke ku aiki ya zama shi kaɗai kuka sani a gari. Ku shiga masallaci, ku gaida dattawa, ku faɗi abin da ake yi muku. Ku kuma masu ɗaukar baƙi, ku tuna wanda kuke zurawa cikin ramin nan yana da uwa a wani gari, tana zaune tana duban hanya.